Ciyawar filin makaranta: a fesa, a yanke, ko a bar wa ƙudan zuma rabonsa?

Ma'aji: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kuɗin da muka tara don gyaran tsohuwar makarantarmu kafin yara su koma lekol a Satumba sun kai jaka 140, Allah ya saka wa kowa. Jiya da yamma na leƙa. Ciyawa ta kai ni ƙugu tun daga bakin ƙofa har bayan filin ƙwallo, ruwan Agustan nan ya yi mata daɗi. Abin da kwamiti ya gani shi ne a sayi maganin ciyawa, a ɗauki samari biyu da injin feshi na goyo su bi ko'ina, abin da ya rage a zuba a fenti. In ba mai magana, gobe zan shiga kasuwa.

Auta: Wa alaikumus salam Yaya Ma'aji. Ni ina da magana, a yi mini afuwa duk da ni ce ƙarama. Gaban azuzuwa da hanyoyi da wajen bayi a gyara su tas, wannan ba musu. Amma filin nan na baya, daga ƙarshen filin ƙwallo zuwa katanga, ba mai bi ta wurin. Me zai hana a bar shi har damina ta ɗauke, kuma kada a sa masa magani? Yanzu ne tafasa da rai-ɗore da gasaya da ɗoɗɗoya ke fure a cikinsa. Ku je da hantsi ku tsaya shiru, za ku ji yadda wurin ke amo da ƙudan zuma.

Ɗan Marwa: Toh fa. Mun tura Auta jami'a ta karanto ilimin halittu, ta dawo ta zama lauyar ciyawa 😂

Anti Nas: Ƙanwata, ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Garwa muke, arewacin Kamaru, a kwarin Binuwai. Ba a banza ake kiran kububuwa gobe-da-nisa ba. Ke ba ki taɓa tsayawa kan yaron da ta sara ba, jini na fita ta dasashi, a ɗebi jininsa a ajiye a kwalba ya ƙi daskarewa. Damina ce lokacin da aka fi kawo mana su asibiti. Maganin dafin yana da tsada, kuma ba kowane asibitin ƙauye ke da shi a ajiye ba. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma ƙiyasinta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara. Sai mu da kanmu mu gina wa maciji gida a bayan aji?

Maman Biyu: Na gode Anti. Yarana biyu na can. Ƙwallo za ta faɗa cikin ciyawar nan, kuma ɗana da na sani da silifas zai bi ta.

Ɗan Ingila: Kafin a yanke wa Auta hukunci, bari in faɗi abin da ake yi a nan. Abin da ta kawo ba sabo ba ne. A 2019 wata ƙungiyar kare tsirrai mai suna Plantlife ta fara kiran mutane su ajiye injin yankan ciyawa duk tsawon watan Mayu, don furanni su samu fitowa. Dalilinsu shi ne Birtaniya ta rasa kusan kashi 97 cikin 100 na filayenta masu furannin daji tun daga shekarun 1930. Kwalejin King's ta jami'ar Kambirij tana da wani fili da ake aske wa tun 1772. A 2019 suka ware wani sashe nasa suka watsa irin furannin daji. Da aka zo aka ƙirga, nau'o'in tsirrai da gizo-gizo da ƙwari a sashen sun ninka na askakken filin kusan sau uku. Faransa kuma tun 2017 ta hana hukumomi fesa maganin ciyawa da na ƙwari a lambunan shaƙatawa na jama'a.

Anti Nas: Kububuwa nawa ce a Kambirij?

Ɗan Ingila: 😅 Babu, Anti. Macijinsu mai dafi iri ɗaya ne tak, shi ma da wuya ya kashe mutum.

Malam Babba: Ku saurara 'ya'yana, na koyar a makarantar nan kafin a haifi wasunku. Ni abin da nake gani, kowa cikinku ya kama gefe ɗaya na gaskiya ya riƙe. Baturen da Ɗan Ingila ke ba mu labari, ciwonsa daban ne. Shi yana da inji, yana aske fili duk mako har ba abin da ke iya yin fure, shi ya sa aka roƙe shi ya huta wata ɗaya. Mu wa ya aske mana? Tun da aka tashi hutu a Yuni ba wanda ya taɓa filin nan. Wata uku ke nan muna yin abin da ake roƙonsu su yi, ba tare da mun ba shi suna ba. Namu ciwon yana zuwa ne a ƙarshe: a da yara ke zuwa da adda da lauje a makon farko su yanke, yanzu an koma feshi, sai kuma a Disamba wani ya ƙyasta ashana. Waɗannan biyun ya kamata a yi magana a kansu, ba kwaikwayon watan Mayun wasu ba.

Auta: Allah ya ƙara girma Baba Malam, nan nake son zuwa. Yanka da feshi ba ɗaya ba ne. In ka yanke, saiwa na nan, bayan mako biyu ya toho, wasu su sake fure. Maganin da Yaya zai saya, mai gilifosat, ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa, kuma ba ya zaɓe, duk wani abu kore kashe shi yake. Sannan kada a ɗauka ciyawar kanta ce abincin ƙudan zuma. Gamba da kyasuwa da ƙarangiya, dangin gero da dawa da masara ne, iska ke kai musu garin fure. Masu faɗin ganyen da ke tsakaninsu su ne ke ciyar da ƙwarin. Kuma ba ƙudan amya kaɗai ake nufi ba. Dangin ƙudan zuma a duniya sun haura nau'i 20,000, mafi yawansu ba sa zama a taro, ba sa yin zuma, rami suke yi a ƙasa ko a busasshen itace, kowace uwa da nata. Babban baƙin nan mai huda azara, da yara ke gudu, shi ne ke kama furen tafasa ya girgiza shi da ƙarfin jikinsa har garin ya zubo. Ƙudan amya bai iya wannan ba. Furen tumatir da na gauta ma irin wannan girgizar suke so.

Kawu na Pitowa: 'Yata, na ji karatunki, amma bari manomi ya yi tambaya. Ni auduga nake nomawa. Daga ta fara girma har ta fashe muna bin ta da maganin ƙwari, in ba haka ba tsutsa ta cinye, bashin taki ya hau kanka. Haka duk maƙwabtana, daga nan har Gidar. To wannan ɗan filin bayan makaranta da bai kai kadada ɗaya ba, me zai tare? Kuma ni ban taɓa ganin audugata ta ƙi yin 'ya'ya don rashin ƙuda ba.

Auta: Kawu, ba za ta ƙi ba, auduga tana iya barbarar kanta. Raguwa take yi ba ka sani ba, don ba ka da abin gwadawa. An yi gwajin a Burkina Faso, aka buga a 2017: an rufe wasu furanni yadda ƙwaro ba zai shiga ba, aka bar wasu a buɗe. Waɗanda aka rufe, amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi kuwa da kashi 59. Ba ma sai mun je nesa ba. A jami'ar Ngawundare, can Dang, Farfesa Tchuenguem Fohouo da ɗalibansa sun daɗe suna irin wannan aikin a kan wake da auduga da riɗi da sauransu, da ƙudan ƙasarmu. A duniya gaba ɗaya, kusan uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona suna ƙaruwa da ziyarar ƙwari da makamantansu. Tuwonka ba ya buƙatarsu, miyar ce ke buƙata: kuɓewa, kabewa, guna, yakuwa.

Game da ƙanƙantar filin, gaskiyarka, ba zai ceci Pitowa ba. Amma ƙananan ƙudan nan ba sa nisa, wasu 'yan mitoci ɗari kaɗan suke yi daga raminsu. Lambunan da ke bayan katangar makaranta daga irin wannan wurin suke samun masu ziyara. Kuma in gonaki duk sun sha magani, wurin da bai sha ba shi ne ke da daraja.

Kawu na Pitowa: Maganar riɗin nan ta shige ni, don bana na sa shi a gefen gona. Amma har yanzu in aka ce in zaɓa tsakanin tsutsa da ƙuda, kin san amsa.

Mai Zuma: Kawu, ba sai ka zaɓa ba, ka dai riƙa feshinka da yamma lis bayan ƙuda ya koma gida. Da safe ne yake kan fure.

Ni sana'ata zuma ce, daga Ngawundal nake ɗaukowa in kawo Garwa da Marwa, kuma ina da amya tawa a daji. Zan goyi bayan Auta rabi, in saɓa mata rabi. A damina ƙudan zuma ba ya yunwa, ko'ina fure ne, gefen hanya ma fure ne. Wahalarsa daga Disamba take farawa, lokacin da ciyawa ta bushe aka bi ta da wuta. A nan itace ke riƙe shi. Gawo da ke yin ganye da fure lokacin da kowa ya kaɗe, mangwaro a cikin hunturu, ɗorawa da kaɗanya a tsakiyar rani, darbejiya in zafi ya shigo, zogale kuwa kusan ba ya hutawa in yana samun ruwa. Duk mai rataya amya ya san itacen da ke kusa da ita ya fi ciyawar da ke ƙarƙashinta muhimmanci. Da ni ne, daga jaka 140 ɗin nan zan cire wani abu in sayi dashe, a kafa su yanzu da sauran ruwa a ƙasa.

Abu na biyu, barin fili ba yana nufin a juya masa baya ba. Mu a Adamawa mun ga abin da ciyawar Bokasa ta yi wa makiyaya. Baƙuwa ce, asalinta daga nahiyar Amurka, in ta kama wuri sai ta rufe shi ruf, shanu ba sa ci, komai ba ya fitowa a ƙarƙashinta, in ta bushe kuma ta fi kowa cin wuta. Filin da aka ƙyale ba mai dubawa, mai ƙarfi ne ke cinye shi.

Ɗan Marwa: Mu dai a Marwa wannan gardamar ma gata ce. Ruwanmu daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran watannin ko ka zo da inji sai dai ka aske ƙura. Abin da ya ɗan fito kuma awaki sun riga kwamiti. Amma maganar itace gaskiya ce, ba don darbejiyar da aka dasa a titunanmu ba da ba a zauna garin.

Maman Biyu: Ba wanda ya yi maganar sauro. Wannan watan ne zazzaɓi ke kwantar da yara.

Anti Nas: A nan kam zan yi adalci, duk da ina kan bakata. Sauro ba ya haihuwa a ciyawa. A ruwan da ya kwanta yake ƙwai, kududdufi, sawun shanu, tsohuwar taya, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu ya zama mai cizo. Ciyawa wurin hutawarsa ce da rana. Mai kawo zazzaɓin kuma da dare yake cizo, lokacin yara na gida. In kuna son rage sauro a makarantar, ramin nan da aka haƙa ƙasar bulo a kusa da bayi shi za ku cike. Maciji ne matsalata. Ciyawa na tara ɓeraye da kwaɗi da ƙadangaru, shi kuma abincinsa yake bi.

Auta: Anti, to in an fesa, ciyawar tafiya take yi? A tsaye take mutuwa, ta kwanta ta zama tabarma, ɓera ya shiga ƙarƙashi. Kuma tulin fasassun bulo da tsofaffin kwanon rufi da aka jibge a bayan aji na ƙarshe, wannan ya fi kowace ciyawa zama gidan kububuwa, ga shi a bakin tagar yara.

Anti Nas: Wannan tulin a kwashe shi ko da me aka yanke. Ma'aji ka rubuta.

Ustaz: Allah ya yi muku albarka. Zan ɗan sa baki. Sura guda a Alƙur'ani sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi, kuma ya zo a hadisin Ibn Abbas cewa an hana kashe tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda. Amma wannan addinin dai shi ya sa kare rai a gaba, ya kuma halatta kashe maciji. Don haka kada wani ya jawo ni ɓangarensa. A nemi yadda za a haɗa biyun.

Ɗan Ingila: Akwai abin da zai taimaka wajen haɗawar. Ko a can ba kowa ya yarda a bar ciyawa sakaka ba. Wani bincike da aka yi ta yaɗawa daga garin Apilton na Amurka a 2020, mai cewa ƙudan zuma sun ninka a filayen da ba a yanka ba, an janye shi a 2022 saboda matsala a bayanansa. Wanda ya fi tsayuwa shi ne na jihar Masacusets da aka buga a 2018: an riƙa yanke wasu filayen gidaje duk mako, wasu bayan mako biyu, wasu bayan uku. Na mako uku sun fi fure nesa ba kusa ba, amma na mako biyu ne suka fi yawan ƙuda, don in ciyawa ta yi tsawo sai ta binne ƙananan furannin. Filin Kambirij ɗin ma duk ƙarshen bazararsu ake girbe shi a kwashe.

Malam Babba: Ka ga an dawo kan lauje. Girbewa a kwashe, ai shi ne ingirici, iyayenmu ba su jira bincike ba. Ga abin da nake ba da shawara. Gaban azuzuwa, hanyoyi, bayi, filin ƙwallo da faɗin taku goma kewaye da shi, a yanke ƙasa-ƙasa kuma a riƙa maimaitawa. Filin baya a kafa masa turaku a ja igiya, a bar shi. Tsakaninsa da katanga a share hanya mai faɗi saboda wuta. In ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, furanni sun zubar da iri, kafin ta bushe ƙayau a kira masu kiwon raguna su yanke su kwashe. Su za su biya mu ma, ba mu za mu biya su ba. A bar 'yar kusurwa ɗaya ba yanka don ƙwarin da ke kwana a cikin kara. Kuma malamin kimiyya ya samu wurin kai yara su ga fure da ƙwaro da idonsu, maimakon zanen allo da na yi shekaru ina yi musu.

Anti Nas: Baba Malam, da girmanka, kai yara cikin ciyawar kuma? A'a. In za su kalla su tsaya bayan igiya, da rana tsaka, da takalmi rufaffe. Kuma igiya ba ta hana maciji fitowa da magariba.

Malam Babba: Na karɓi gyaran, 'yata. Da magariba kuwa babu yaro a makarantar.

Mai Zuma: Ƙari ɗaya: kada wani ya ji daɗin hirar nan ya ce zai rataya amya a makaranta. Ƙudanmu ba irin na Turai ba ne, faɗa gare shi, ƙarar inji ko jifan yaro ɗaya ya isa ya tashe shi. Kowa ya sha zuma ya sha harbi, amma ba 'ya'yan mutane ba. A bar shi ya zo ya ci ya koma inda ya fito.

Ma'aji: Kun manta da mutum ɗaya, shi ya sa na kira shi yanzu. Baba mai gadi shi ke kwana a wurin, shi ke zagayawa da dare. Ya ce shi ba ruwansa da feshi ko yanka, duk wanda aka yi daidai ne, amma tun farkon damina da silifas da fitilar waya yake zagaye. Ya kuma ce filin baya ba kamar yadda Auta ta ce ba mai bi ba ne: matan unguwa na shiga ta inda katanga ta faɗi suna tsinkar tafasa da lalo na miya.

Auta: To kun ji. Da an fesa gobe, jibi wannan ganyen yana cikin tukunyar wani, don maganin ba ya nuna alama sai bayan kwanaki.

Maman Biyu: Innalillahi. Wannan ban yi tunaninsa ba. Ni dai feshin na janye, amma filin ƙwallo a faɗaɗa sharar gefensa, taku goma bai ishe ni ba.

Kawu na Pitowa: Yankan hannu ya fi feshi tsada, ku sani. Samari biyu ba za su iya ba, kuma sai an koma sau biyu ko uku kafin ruwa ya ɗauke. Fentinku zai ragu.

Ɗan Marwa: Fentin da ruwa zai wanke kafin Oktoba? A bar shi sai rani.

Ma'aji: Ga yadda na rubuta, mai gyara ya gyara kafin sallar isha: ba feshi bana, masu adda mutum shida ranar Asabar, kwashe tulin bulo da cike ramin bayi, takalmin roba da tocila mai kyau ga Baba mai gadi, dashen zogale da mangwaro da gawo, Mai Zuma zai zaɓo, filin baya a ja igiya zuwa ƙarshen Oktoba. Duk wannan sai shugaban makaranta ya amince, don ba mu ke da filin ba. Baba Malam, kai za ka shige mana gaba wurinsa.

Anti Nas: Ka rubuta cewa ni ban amince da filin baya ba, rinjaye ne aka yi mini. Kuma ranar Asabar kada wanda ya shiga ciyawar nan ba takalmi mai tsawo, kada a ɗaga bulo da hannu sai an tura shi da sanda. In tsautsayi ya faru ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, a ɗora mutum a mota a kawo shi asibiti. Zan kasance a bakin aiki ranar.

Mai Zuma: Ma'aji, dashen nan wa zai ba shi ruwa daga Nuwamba? Kuma da me za a kewaye shi? In ba a sa kuɗin ƙaya ko waya a lissafin ba, awaki za mu saya wa salak.

Ma'aji: Ya salam. To a cire fentin gaba ɗaya. Kawu, nawa ake sayar da damin ƙaya yanzu a wajenku?